Mai Dogon Aljihu

Teku na fara gani. Ba tekun Accra ba, wanda muke kwana muna tashi a gari ɗaya da shi amma ban taɓa ganinsa ba sai daga nesa ta tagar motar haya ta trotro. Wannan tekun a ɗakin Masta Isaka yake, cikin gilashin wata tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya. Shuɗi ne mai duhu, da farin wata a kansa, da jiragen ruwa a ɗaure suna ɗan rausaya. A bakin ruwan wani siririn mutum ya tsaya cikin doguwar riga ruwan ɗorawa, hannuwa a aljihu. Wata 'yar farar kibiya tana yawo a sama, duk inda ta sauka sai mutumin ya taka ya bi ta. Na tsaya a bakin ƙofa da kwanon abinci a hannu har zafinsa ya kusa sa ni in sake shi.

Anti Adiza ce ta aiko ni da kwanon. Ita ce autar Kaka, ƙanwar mahaifiyata, kuma ita ke riƙe da sana'ar gidanmu. Kaka ta yi suna a unguwarmu ta Mamobi da wake da shinkafa, wanda kowa a nan ke kira waakye, amma tun kafin in yi wayo gwiwoyinta suka ƙi, ta koma zaman kujera tana ba da umarni. Adiza ke tsince wake, ita ke hura wuta, ita ke soya yaji har idonta ya yi ja, ita ke kai tukunya bakin titi. Masta Isaka kuwa ɗan haya ne a ɗakin kusa da zaure, mutumin can wajen Bawku a arewacin ƙasar nan, mai gyaran rediyo da talabijin. Ba shi da kowa a Accra. Ba ya yawan magana, idan dariya ta zo masa sai ya rufe baki da bayan hannu. A ƙarƙashin shinkafar da ke cikin kwanon nan akwai dafaffen ƙwai da tsokar nama waɗanda Kaka ba ta san da su ba.

Ni na san ma'anar ƙwan. A lokacin na fara satar karanta littattafan soyayya na Kano da Anti Adiza ke saye a kasuwar Nima tana ɓoyewa a ƙasan akwati, don haka na ɗauki kaina masaniyar harkar zuciya. Na riga na tsara musu komai a raina, har launin leshin da zan sa ranar ɗaurin aure. Kuma ba mafarkina ba ne ni kaɗai. Duk gidan an san Isaka ya yi wa Malam Bawa, dattijon lungunmu, magana cewa bayan Babbar Sallah zai tsaya masa a matsayin uba a kai goron neman aure. Kaka ta ji. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Bayan sallar isha'i tsakar gidanmu na Kaka ne. Ana ɗora wake a murhun gawayi don ya yi laushi kafin asuba, ita kuma tana zaune a gefe da mafici a hannu, hasken garwashi yana lasar gefen fuskarta. Mu jikoki da 'ya'yan 'yan haya sai mu baje a tabarma. Ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta zauna mu ji." Muryarta tana da daɗi kamar zuma mai ɗumi, tana iya zama kura, ta zama amarya, ta zama tsohon makaho a cikin numfashi ɗaya. Har yau idan na ji ƙamshin wake a wuta sai in ji bayana yana neman tabarma.

Sai dai Kaka ba ta duka, ba ta zagi. Tatsuniya ce bulalarta. Idan ka yi fitsarin kwance, daren nan ɗan kura zai yi fitsarin kwance, kuma zai yi tafiya irin taka. Idan matar ɗan haya ta yi tsegumi, za a samu wata kaza mai irin ɗaurin ɗankwalinta. Ba ta kiran suna. Kowa ya yi dariya, mai laifi ma ya yi, don in bai yi ba ya tona kansa.

Ina ganin neman shiga Isaka ya yi da ya fito da kwamfutar tsakar gida. Ya ja waya daga ɗakinsa, ya ɗora ta a kan benci, ya ce yara su zo su ga wasa. Ya samo ta ne cikin tsofaffin kayan da ake saukewa daga jirgi, ya gyara, ya tarar da wasan a ciki. Ba irin na harbe-harbe ba ne. Labari ne da ba ya tafiya sai ka tura shi. Kana jan wani ɗan abu a kan benci, wanda ya ce sunansa maus, kibiya ta motsa. Ka danna a kan ƙofa mutumin ya buɗe, ka danna a kan igiya ya ɗauka ya sa a aljihu, ka danna a kan mutum su yi magana. Abin da ka tsinta a nan shi zai buɗe maka hanya a can. A daren farko ba wanda ya rage a tabarmar Kaka. A na biyu ma haka. Na waiwaya na gan ta ita kaɗai tana fifita wutar da ba ta bukatar fifita.

Da ta ga abin ya ɗore sai ta sa aka ɗauko kujerarta aka ajiye kusa da benci. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi abin da rubutun da ke fitowa a ƙasa yake faɗa. Isaka ya ce Jamusanci ne, shi ma ba ya ji, lalube yake yi.

"Ashe bebe ne wasan naka," in ji ta. "To bari in ara masa baki. Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Muka amsa da murna, don mun samu biyu a ɗaya. Isaka ma ya yi murmushi. Ya ɗauka an karɓe shi.

Ga yadda Kaka ta ba mu labarin. Wai wani baƙo ne ya sauka a wani gari na bakin teku, ba a san ubansa ba, ba a san garinsu ba, ba shi da komai sai ladabi da dogon aljihu. Aljihun nan kuwa ba ya cika. Mun gani da idonmu ya sa tsani a ciki, ya sa guga, ya sa agwagwa mai rai. Duk gidan da ya shiga da sallama yake shiga. Ya gai da mai burodi, ya jefa masa sabulu a ƙullu, da mutumin ya fita da gudu yana kumfa sai ya ɗauke masa tsani. Ya gai da wani tsoho mai gadin hasumiya, ya jira ya yi gyangyaɗi, ya zare masa tabarau, ya bar shi yana laluben bango. Kowane ɗaya Kaka ta ba shi murya, mu kuma muna birgima don dariya. Baƙon kuwa ta ba shi murya mai sanyi, mai jan kalma irin ta mutanen Arewa, kuma duk lokacin da ya yi wata ɓarna sai ta rufe bakinta da bayan hannu.

Ba wanda bai gane ba. Anti Adiza tana can gefe tana tsince wake a faranti, kanta a sunkuye. Isaka ya yi ta dariya tare da mu kamar yadda dokar gidan ta tanada. Kuma hannunsa ne a kan maus. Duk abin da baƙon ya ɗauka, shi ya danna.

Haka muka yi ta bi har muka kai ga yarinyar. A bayan wani gidan abinci take, a gaban manyan tukwane, hannun riga a naɗe, gashi ya zubo mata a goshi. Duk lokacin da baƙon ya shigo sai kumatunta su yi ja, ta miƙa masa kwanon miya. A bangon bayanta an rataye wani mabuɗi, kuma mun riga mun gane mabuɗin ɗakin jirgin da ke bakin ruwa ne. Idan ya kai hannu sai ta buge shi da ludayi tana dariya. Ni dai na kamu da son yarinyar nan nan take. Na ce a raina ga inda labarin zai gyaru, don a littattafan da na sani so yana shiryar da ɓarawo.

A nan Isaka ya tsaya. Ya ce ya rasa hanya. Dare bayan dare yana yawo da baƙon a cikin garin, ya koma wurin mai burodi, ya koma hasumiya, ya gwada guga a kan ƙofar jirgi, ya gwada tsani, har agwagwa ya gwada. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya girgiza kai. Yara suka fara gundura, manya suka fara ba da shawara, don zuwa lokacin har matan gidan da mazan da suka dawo daga masallaci suna tsayawa kallo. Isaka ya ce dole akwai wata hanyar, a ba shi lokaci. Kaka ba ta matsa masa ba. Ta ce baƙon yana jin kunya ne, a bar shi, kunyar baƙo ba ta wuce kwana kaɗan.

Ranar da abin ya faru gidan a cike yake, Malam Bawa ma ya shigo karɓar rediyonsa ya tsaya. Kaka ta dube shi ta ce, "Malam, zauna ka ga ɗanka. Ya iya gyaran abin da Bature ya ƙera, amma wai mabuɗi a hannun mace ya gagare shi." Aka yi dariya. Ta juya ga Isaka. "Ko dai ka sani ne kana ɓoye mana? Mai gaskiya ba ya tsoron a ga hannunsa."

Isaka ya kalli wajen Anti Adiza, ba ta ɗago ba. Sai ya ja maus.

Bai yi lalube ba ko kaɗan. Ya buɗe aljihun, ya ɗauki wata 'yar waya da ya cire daga murfin kwalba, ya haɗa da ɓallin gilashin tabaran tsohon nan, suka zama zobe. Ya kai wa yarinyar. Ta dafe ƙirji. Ya nuna mata rijiyar bayan gari, ya nuna wata a sama, alamar su haɗu can da dare. Ta cire tsumman girki, ta ɗaura ɗan ƙunshin kayanta, ta fita da sauri tana waiwaye. Ya zare mabuɗin, ya sa a aljihu, ya shiga jirgi. Da jirgin ya fara nisa sai aka nuno garin daga teku, ga ta can 'yar mitsitsiya a bakin rijiya da ƙunshi a hannu, tana duban hanya.

Kaka ba ta ara wa kowa murya ba a wannan karon. Ta bari muka kalla shiru. Sai da kiɗan ya tsaya ta ce, "Ni dai ban taɓa komai ba, kun gani. Ƙurunƙus, wuta ta mutu, kowa ya nemi makwancinsa."

Washegari da na je ɗibar ruwa na same su, Isaka da Anti Adiza, a bakin famfo. Yana ce mata wasa ne, ba shi ya tsara shi ba, waɗanda suka yi shi hanya ɗaya suka bari. Ta ce ta sani. Ta ɗauraye bokitinta, sannan ta tambaye shi tun yaushe ya gano yadda ake yi.

Da ya yi ƙarya da wataƙila ya tsira. Ya ce, "Tun ranar da muka fara ganinta."

"Shi ya sa hannunka bai yi rawa ba," in ji ta. Ta ɗauki ruwanta ta wuce.

Sauran aikin lungu ne ya ƙarasa shi. A Zongo suna ya fi mai shi saurin tafiya. Kafin mako ya zagayo yaran da ba su taɓa ganin wasan ba suna bin sa da Mai Aljihu. Ludayin miya ya ɓace, Kaka ta ce cikin sanyin murya a duba wurin masu dogayen riguna. An same shi daga baya a bayan randa, ba wanda ya je ya ba shi haƙuri. Wata mata ta zo ta karɓe talabijin ɗinta ba a gama gyara ba. Da Sallah ta matso, Malam Bawa ya ce a dakata tukuna maganar ta lafa, don shi ba zai kai goro a yi masa dariya da furfurarsa ba. Ni kuma aka ci gaba da aike na da kwano, amma shinkafa ce zalla. Wata safiya Isaka ya kira tasi, ya zauna a gaba da kwamfutar a cinya, ya tafi. An ce Ashaiman ya koma. Ba mu ƙara jin labarinsa ba, ba mu kuma ga abin da ke bayan tekun nan ba.

Na girma, na yi aure, na haihu, ban daina karanta littattafan soyayya ba, sai dai yanzu a waya. Kuma ban daina gaskata cewa baƙon ya dawo ba. Na sha tsara dawowar a raina: jirgi ya tsaya da hantsi, ya sauko da zoben gaske, ya durƙusa a bakin rijiya. Ina ganin da an bar mu mun kai ƙarshe da gidanmu ya ji kunya. Bara, ina hutun aiki, na zauna na yi ta bincike da abin da na tuna, doguwar riga da agwagwa a aljihu, har na samo wasan. An sabunta shi, an sa masa Turanci. Da tekun ya bayyana sai da na tashi na rufe ƙofa don kada yarana su ga ina hawaye.

Hannuna ya tuna abin da ban san na riƙe ba. Na san inda sabulu yake, na san lokacin da tsohon zai yi gyangyaɗi. Amma yanzu ni ma da tabarau nake karatu, kuma da na ga yana laluben bango ban samu dariyar da na bari a wurin ba. Ga Turancin a rubuce ina fahimta, duk barkwanci ne, amma muryar Kaka nake ji a kansa, kuma sai in faɗi gaskiya, nata ya fi daɗi. Da na kai ga yarinyar na ɗora kibiya a kanta don in san sunanta. Ba ta da suna. Mai girki kawai aka rubuta. Na yi kwanaki ina yawo a garin kamar yadda Isaka ya yi, ina gwada komai a kan komai. Babu wata hanya. Na haɗa zoben da hannuna.

Na bi baƙon tsibiri bayan tsibiri, na taya shi yaudarar wasu mutanen, har ya samu dukiyar da ya fito nema. Bai ko ambace ta ba. Aka rubuto sunayen waɗanda suka yi wasan, kiɗa yana tashi, ina zaune ina jira. A can ƙarshe sai ga rijiyar. Ga yarinyar kuma. Tana nan a tsaye inda ya bar ta, gashinta ya yi fari, yanar gizo ta lulluɓe ƙunshin kayanta, ta duba hanya, ta duba zoben. Abin dariya ne suka ajiye wa wanda ya yi haƙuri ya kai ƙarshe.

Na daɗe ina juya abin. Kaka ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ta karanta wasan nan daidai tun daga daren da ta fara kallonsa. Ta ga cewa duk wanda ke cikinsa an ajiye shi ne don a yi amfani da shi, ta kuma ga cewa hanya ɗaya ce, wanda ya riƙe maus ba shi da zaɓi. Abin da ta yi kawai shi ne ta zaunar da mutum a gaban jama'a ta jira ya bi hanyar. Ina son Kaka har gobe. A cinyarta na koyi daɗin magana. Amma a wurinta na koyi cewa mai ba da labari yana iya yanka mutum ba tare da ya taɓa wuƙa ba, a kuma tashi ana yaba muryarsa.

Anti Adiza ba ta yi aure ba. Bayan Isaka wasu sun zo, kowanne ya samu tatsuniyarsa. Ta yi jinyar Kaka shekaru masu yawa, ita ta juya ta, ita ta wanke ta, a hannunta ta cika. Yanzu tukwanen nata ne. Hayaƙi ya cinye mata ido ɗaya, ɗayan ma sai ta matso da abu kusa. Na je na same ta a bakin titi da rana tsaka, ciniki ya lafa, tana kankare gindin tukunya. A hanya na shirya ƙaryar da zan yi mata, mai kyau, irin ta littafi. Na ce mata na samo wasan Masta Isaka, na kai ƙarshensa.

Hannunta ya tsaya. Ba ta tambayi wane wasa ba.

"Ya dawo?"

Na dubi fuskarta sai ƙaryar ta ƙi fita. Na ce bai dawo ba, Anti. Ban gaya mata hoton ƙarshe ba.

Ta sauke numfashi a hankali, kafaɗunta suka saki kamar wadda aka sauke wa kaya. "Alhamdu lillahi," in ji ta. "Duk shekarun nan tsorona ke nan, kada a ce ya dawo. Ashe Mma ta yi gaskiya." Kaka take nufi. Ta goge hannu a zaninta, ta jawo wata kujera da ƙafa. "Zauna ki ci abinci, Rabi. Yau zan yi barci."